Mai gyaran kwamfuta na PZ da ya tayar min da kiɗan gem

A cikin masu gyaran kwamfuta da na yi hulɗa da su a Zariya, wani matashi da ke wajen PZ ne kaɗai ya tambaye ni me nake ƙoƙarin saurara kafin ya ɗora hannu a laftof ɗina. Sauran, da zarar ka ce sauti na ba ka matsala, amsarsu ɗaya ce: sai an yi fomat. Ni kuwa laftof ɗin nan cike take da makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawa, ba zan yarda a share ta saboda kiɗa ba. Ina ganin aikin yaron nan ya cancanci a faɗa, tare da inda ya gaza, domin na san akwai ire-irena da suka tara kiɗan gem na da a filashi, ya ƙi tashi, suka haƙura.

Lissafi nake koyarwa, kuma da dare nake duba takardu. Waƙa mai baiti tana ɗauke min hankali, sai in tsinci kaina ina bin mawaƙi na bar jan biro a ajiye. Kiɗan gem ba shi da wannan. An yi shi ne don ya raka mutumin da hankalinsa ke kan wani abu dabam, yana zagayawa yana dawowa ba ya gundura. Ƙanen matata da ke karatu a Samaru ne ya ji ina zancen Sega da muka buga muna yara, sai ya lodo min folda guda, na Sega da na Nintendo da na PlayStation. A tashi kwamfutar duk suna yi. A tawa kuwa, wasu ba sa buɗewa sam, wasu su buɗe amma shiru, wasu su yi ta yi ba ƙarshe, wasu su yanke ana tsakiyar daɗi. Waɗanda suka yi ma, akwai ƙarar tas-tas a ciki, ga wani gurnani a sifika idan na jona caja.

Shagon ƙarami ne, a cikin layin masu sayar da waya da kayan waya. Benci ɗaya na baƙi, tebur cike da gawarwakin laftof, fitila mai gilashin ƙara girma, da warin dalma da ba ya barin wurin. Yara biyu ne ke koyon aiki a hannunsa. Kowa a layin Injiniya yake ce masa, ni ma haka na bi.

Abin da ya fara yi bai ɗauki minti ɗaya ba. Ya shiga saitin folda ya sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fayil, wato haruffan nan da ke bayan ɗigo, waɗanda take ɓoyewa in ba ka ce ta nuna ba. Nan take jerin ya canja kama: ga masu ƙarewa da vgz, ga nsf, ga spc, ga rsn, ga minipsf. Ya ɗan yi shiru yana gangarawa, sannan ya nuna min wasu da aka rubuta musu mp3 amma sun ƙi tashi. Ya ce, "Malam, dubi nauyinsu." Dukkansu kusan ɗaya ne, kilobayit 65 ko 66. Ya ce babu yadda za a yi kiɗan minti uku na MP3 ya zama wannan ɗan mitsitsin, kuma ba zai yiwu a ce nauyin duka ya zo daidai ba. Ya ja ɗaya ya jefa cikin Notepad. Shafin ya cika da tarkacen alamomi marasa ma'ana, amma a layin farko ga SNES-SPC700 a rubuce ɓaro-ɓaro. Wani ne a can baya ya sauya musu suna zuwa mp3 yana zaton hakan zai sa waya ta karanta su. Injiniya ya mayar musu da sunansu na asali.

A nan ne ya yi min bayanin da ya warware min komai, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Ya ce MP3 dafaffen abinci ne, kowace manhaja za ta zuba ta miƙo maka. Waɗannan kuwa cefane ne, sai da murhu da tukunya irin na gidan da aka yi cefanen dominsa. Babu cikakken kiɗan da aka naɗa a cikinsu. Fayil ɗin spc hoton ƙwaƙwalwar sashen sauti ne na Super Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1990, kuma Sony ce ta ƙera musu sashen. Ƙwaƙwalwar kilobayit 64 ce, shi ya sa duk fayilolin suke kusan nauyi ɗaya, kuma muryoyi 8 kawai take iya fitarwa a lokaci guda. Na Sega, wato vgm, da vgz wanda shi ne dai aka matse, jerin umarnin da gem ɗin ke aika wa aisin sauti ne, wato ɗan guntun lantarkin da ke samar da sautin. Segar da ake kira Mega Drive ta fito a 1988 da aisin Yamaha mai suna YM2612 mai layin sauti 6. Na nsf kuma wani yanki ne na shirin gem ɗin kansa, daga Famicom, na'urar Nintendo ta 1983 mai layin sauti 5, wadda kwaikwayonta ne muka riƙa bugawa da kaset ɗin nan mai alƙawarin gem dubbai. Saboda haka dole manhajar da za ta kunna su ta kwaikwayi ainihin na'urar, ta kaɗa kiɗan sabo a duk lokacin da ka danna. In ba ta da wannan kwaikwayon, sai ta ce ba ta san fayil ɗin ba ko kuma ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

VLC da kusan kowa ke da ita tana buɗe wasu daga ciki, irin su spc da nsf da vgm, amma ba ta taɓa na PlayStation. Ƙanen matata ya riga ya sa min foobar2000, manhajar kyauta da masu wannan harka suka fi amfani da ita, ya kuma kwafo min ƙananan kayan haɗinta, waɗanda ake ƙara mata don ta iya karanta irin waɗannan fayiloli, daga tashi kwamfutar. To, tun fitowar siga ta 2.0 a 2023 manhajar ta zama iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma kayan haɗin ɗaya ba sa aiki a ɗayar. Mai 64 aka sa min, kayan kuma tsofaffi ne na 32. Injiniya ya cire ta ya sa mai 32, wadda ke tafiya lafiya a kan Windows mai 64, ya ce tsofaffin kayan haɗi sun fi yawa a wannan ɓangaren. Bai yarda da waɗanda ke filashin ba, ya sauke sababbi daga shafin manhajar: Game Emu Player na su Sega da Nintendo, da wani na PSF, da vgmstream na gem ɗin baya-bayan nan masu sautin da aka naɗa a tsarin da kamfanonin gem kaɗai ke amfani da shi. Ya ja min kunne da kyau kan shafukan da ke cewa sai ka sauke wani abu mai ƙarewa da exe kafin kiɗa ya yi. Ya ce rabin kwamfutocin da ke zuwa teburinsa da ciwo ta irin wannan ƙofar ciwon ya shiga.

Na rsn ba su ba shi wahala ba. Ƙunshin RAR ne, wato fayiloli da aka matse wuri guda, da aka sauya wa suna, ya buɗe da 7-Zip, fayilolin spc suka zubo.

Na PlayStation ne suka ɗauki lokaci. Tsarin PSF wani mai suna Neill Corlett ne ya fito da shi a 2003, kuma don a rage nauyi akan raba kiɗan gem ɗaya gida biyu. Akwai babban fayil guda mai ƙarewa da psflib, wanda ke ɗauke da shirin kiɗan da sautukan kayan kiɗa da duk waƙoƙin gem ɗin suka yi tarayya a kai. Sai kuma ƙananan minipsf, kowane da abin da ya keɓanta da kiɗa ɗaya. Ƙarami ba ya motsi sai babban yana tare da shi a folda ɗaya. Ƙanen matata, don ya kyautata min, ya tsinto waɗanda ya fi so daga gem daban-daban ya tara su a folda guda ya rubuta mata "zaɓaɓɓu", ya bar manyan a baya. Injiniya ya sake komawa Notepad, ya buɗe minipsf ɗaya, ya gangara can ƙasa, ya sa kan sukudireba a jikin sikirin yana nuna min wani ɗan layi da ya fara da _lib, a gabansa ga sunan babban fayil ɗin da yake nema harafi da harafi. Da wannan sunan ya bincika filashin, ya riƙa nemo kowane yana ajiye shi kusa da 'ya'yansa. Ya gargaɗe ni kada in taɓa sauya wa psflib suna ko da harafi ɗaya ne, don ƙananan da wannan sunan suke kiransa.

Batun yankewa da rashin ƙarewa kuwa ba lalacewa ba ce. Kiɗan gem ba shi da ƙarshe tun asali, yana zagayawa ne har ɗan wasa ya bar matakin. Fayil ɗin nsf ɗaya yana ɗauke da duk kiɗan gem ɗin, har da ƙarar tsalle da ta harbi, kuma babu inda aka rubuta tsawon kowane. Manhajar ce ke yanke wa kanta lokaci ta dusashe sautin. In an zo da ɗan fayil na m3u, wato jerin waƙoƙi, tare da shi, a nan ake samun sunaye da tsawo, don haka m3u ɗin ake buɗewa, ba nsf ɗin kai tsaye ba. Ya nuna min wurin da zan sa tsawon da nake so, da wurin da zan danna in ina son kiɗa ɗaya ya yi ta yi har in gama aji guda.

Ƙarar tas-tas ya bi ta mataki-mataki, kuma a nan na ga bambancinsa da masu fomat. Ya kunna MP3 na yau da kullum, ita ma ya ji tana yi jefi-jefi, sai ya ce to laifin ba na fayilolin gem ba ne kaɗai. Ya duba ya ga laftof ɗin tana kan tsarin tanadin batir, wanda ke rage wa kwamfuta ƙarfi, alhali kwaikwayon na'ura ya fi kunna MP3 cin ƙarfi. Ya mayar da ita tsarin daidaito. Ya kashe ƙarin kwalliyar sauti da ke cikin saitin sifika na Windows. Ya ƙara tsawon abin da foobar2000 ke tarawa a gaba kafin ta aika wa sifika, don ko kwamfutar ta ɗan shagala da wani aiki kada sautin ya tsinke. Ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Sai ya kashe Wi-Fi, ta ɗauke ɗif. Ya kunna, ta dawo. Ya sa wata manhaja mai suna LatencyMon ta tabbatar masa direban Wi-Fi, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, ne ke riƙe kwamfutar fiye da kima, ya sabunta shi. Tun daga nan ban sake jin ta ba.

Gurnanin caja bai yi min ƙarya a kansa ba. Ya zare cajar, gurnanin ya tsaya, ya mayar, ya dawo. Ya ce, "Malam, wannan ba aikin manhaja ba ne, ko sau nawa aka yi fomat yana nan." Cajar ba ta asali ba ce, ba ta tace wuta da kyau, ga sifikar ita ma a jone da soket, ga shi in an ɗauke wuta janareta muke tayarwa. Akwai cajoji rataye a shagonsa, amma ya ce irin tawa ce, ba za su raba ni da matsalar ba. Shawararsa ita ce in nemi ta asali ko da ta hannu ce, kafin nan in riƙa saurara a kan batir ko da iyafis. Mutumin da kaya ke rataye a bayansa ya ce kada ka saya, ni a wurina ya gama samun amana.

Saura abu ɗaya da na ɗauka shi ma lalacewa ce. Kiɗan matakin farko na Sonic, gem ɗin Sega, ya tashi tsaf, amma kunnena ya ƙi karɓarsa. Na ce masa, "Injiniya, wannan gudu yake yi, ba haka yake ba." Ya sake saurara, ya ce shi dai daidai yake jinsa. Na dage. Wannan kiɗa na ji shi a zauren maƙwabtanmu a Tudun Wada fiye da yadda zan iya ƙirgawa, muna layi muna jiran wanda ke riƙe da fad ya mutu a gem ɗin, na san yadda yake tafiya a natse. Wani da tuni ya ce tsufa ne ya sa na manta. Shi kuwa ajiye abin da ke hannunsa ya yi ya tambaye ni daga ina aka kawo Segar da muka buga. Na ce mahaifin abokinmu ne ya zo da ita daga Ingila. Sai ya yi murmushi ya ce to kunnena ne ke da gaskiya, fayil ɗin ma yana da gaskiya.

A wancan zamani talabijin na Japan da Amurka yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, a tsarin NTSC. Na Ingila da yawancin Turai, da namu na Najeriya, sau 50 ne, a tsarin PAL. Gem ɗin wancan zamani da bugun talabijin suke ƙirga lokaci. Sonic na farko, na 1991, ba a daidaita shi da tsarin 50 ba, don haka a Segar Turai komai nasa ya fi jinkiri, gudun Sonic ɗin da kiɗan baki ɗaya. Lissafin a fili yake: 50 bisa 60 shi ne 5 bisa 6, wato an rage kashi ɗaya cikin shida. A Sonic na biyu, na 1992, an gyara saurin kiɗan, shi ya sa ban ji wani baƙon abu a nasa ba. Fayil ɗin da ke hannuna daga tsarin 60 aka ɗauko shi, yadda masu gem ɗin suka nufa. Amma ba shi ne wanda muka taso da shi ba. Ya sauke wata 'yar manhaja mai suna VGMPlay, ya buɗe fayil ɗin saitinta, ya sa 50 a layin saurin kunnawa, ya miƙo min iyafis. Kiɗan ya sauko ya zauna daidai inda na san shi. Na daɗe ban ce komai ba. Har yanzu wannan na 50 ɗin nake kunnawa, kuma ina jin duk wanda ya yi ƙuruciyarsa da Segar tokumbo a garin nan zai fi gane shi. Na kuma samu misalin da zan riƙa ba 'yan aji a darasin rabo, wanda ya fi na lemu da mangwaro kama hankalinsu.

Shagon yana da nasa aibin, kuma ya kamata mai zuwa ya sani. Jira yana da yawa. Injiniya ba ya iya cewa a'a, yana cikin aikinka wani zai leƙo da waya ta faɗa ruwa, sai ya ajiye naka ya karɓa. Aikin da bai kai awa biyu ba ya cinye min daga hantsi har bayan la'asar. Wurin kuma bai dace da gwajin sauti ba ko kaɗan: janaretan maƙwabci na ruri a bakin ƙofa, masu sayar da sifika suna gwada kayansu, dole sai da iyafis muka riƙa ji, shi ma sai ka toshe da tafin hannu. Ɗaya daga cikin yaransa ya zo zai soka filashin shago a laftof ɗina ba tare da an duba ta ba, sai da na yi magana, sannan Injiniya ya tsawata masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ƙwayar cutar kwamfutar nan mai mayar da folda gajeriyar hanya (shortcut) take yawo daga shagon buga takardu zuwa wani. Babu intanet a shagon, da datar wayata aka sauke komai. Ba ya rubuta wa mutum abin da ya yi, ni na ciro takarda na riƙa rubutawa. Kuma bai faɗi kuɗi da farko ba sai "Malam, ba damuwa", wanda ni ba na so. A ƙarshe naira 5,000 ya ce, na biya ban nemi ragi ba, amma babu rasit. Gara ku yi ciniki tun kafin a buɗe laftof.

A ɗaya ɓangaren, bai nemi in bar masa kwamfutar ta kwana ba, bai nemi lambar sirri ya ajiye ba, kuma bai leƙa ko folda ɗaya da ba ta shafi aikin ba. Da na faɗa masa akwai makin ɗalibai a ciki, da kansa ya jawo min kujera kusa da shi ya juyo da sikirin ta inda zan riƙa gani.

Wanda zai je ya tafi da sassafe, kafin layin ya cika, kuma ya kauce wa ranar Juma'a. Ya tafi da cajarsa da sifikar da yake amfani da ita a gida, don a gwada da ainihin kayan da ke ba shi matsala. Ya tafi da filashin da aka ba shi kiɗan a ciki yadda take, kada ya tsince wasu ya bar wasu, kada kuma ya sauya wa komai suna. Akwai kiɗan gem ɗaya na PlayStation da har yau bai tashi ba, don babban fayil ɗinsa ba ya cikin filashin gaba ɗaya. Injiniya ya rubuta min sunansa a bayan takardata, na tura wa ƙanen matata ya duba a tashi kwamfutar in ya dawo daga hutu.